Rakiyar Amarya Daga Paraku Zuwa Jugu

 Na san wasunku za su ce me ya haɗa kifi da kaska, watau me ya kai namiji, malamin makaranta kuma, ga zancen hoda da jan baki. To, ku yi mini haƙuri ku ji dalili.

Bayan wata Ƙaramar Salla da ta wuce, wata yarinya 'yar aji shida da nake koyarwa ta yi kwana tara ba ta zo lakwal ba. Ran da ta dawo sai na ga hannunta na dama a naɗe da tsumma. Na ce ta kwance, ta kwance, sai ga zanen furanni tun daga yatsu har wuyan hannu, ba na lalle ba, na ƙuraje masu ruwa, kowane fure ya tashi ya yi bororo daidai inda aka zana shi. Baƙin ƙunshi ne aka yi mata na Salla, wanda mata ke kira dayis. Yarinyar nan ita ce ta biyu a ajina, amma ba ta iya riƙe alƙalami ba ranar jarrabawar gwaji, tana zaune tana kuka tana cewa, "Mushe, ba ya kamuwa." Ku da ke karanta ɓangaren Faransanci kun san mushen da take nufi, ba na bakin hanya ba. Tun daga ran nan na daina ɗaukar kwalliya a kan zancen mata kaɗai.

Saboda haka da Yayata ta tashi aurar da 'yarta zuwa Jugu, ta ce kuɗin gyaran amarya yana wuyan kawunta, sai na ce na ji na ɗauka, amma da sharaɗi: duk inda kuɗina zai shiga, ƙafata ma za ta shiga. Aka yi mini dariya a gidan har da tafi. Yaya ta ce, "To Malam, sai ka ɗaura zane." Ban ɗaura ba, amma na bi su.

Wanda bai san Paraku ba, gari ne da hanya ta yi shi. Titin jirgin ƙasa da ya taso daga Kwatano, kilomita 438, a nan ya tsaya tun 1936, bai ƙara gaba ba. Shekara da shekaru kayan Nijar a nan aka riƙa sauke su daga jirgi a ɗora wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya, kuma wannan sauke-ɗora ne ya zaunar da iyayen da yawa daga cikinmu a Zongo, wasu direbobi, wasu 'yan kamasho, wasu mahauta, wasu masu shayi. Jirgin fasinja ya daɗe da daina zuwa, amma garin bai daina cika ba, balle tun da aka buɗe jami'a a 2001. Bargawa ne masu ƙasa, Dandanci ne harshen ciniki, ga Yarabawa, ga Fulani, ga mutanen kudu, mu kuma muna tsakani da Hausarmu. Babbar kasuwar garin sunanta Arzeke, akwai kuma unguwar Albarika, duk Bahaushen da ya ji sunayen nan ba ya bukatar tafinta.

A Arzeke muka fara, ni da amarya da wata ƙawarta. Layin masu kayan shafa ba ya ɓata wa baƙo, hanci ne zai kai shi. Hoda, gazal, jagira, jan baki, gashin ido na kanti, man gashi, sabulai iri-iri, an jera su hawa-hawa, wasu a inuwa wasu rana tana dukansu tun safe. Abin da na fara lura da shi a matsayina na malami shi ne rubutun jikin kayan. Wanda ya shigo daga Nijeriya da Ingilishi aka rubuta, wanda ya zo ta Lome ko Abijan da Faransanci, wani ma da harshen Sin. Mai sayarwa ba ta karanta ko ɗaya, mai saye haka. Da launin kwali ake ciniki, a ce "ba ni mai hoton karas" ko "mai hoton gwanda". Na ɗauki hoda guda na duba, wa'adinta ya wuce da shekara biyu. Na nuna wa mai rumfar, ta ce, "Alhaji, hoda ai ba nono ba ce da za ta yi tsami." Hodar gari busasshiya lalle tana jimrewa, amma mai ruwa-ruwa da abin taje gashin ido suna lalacewa, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ciki. A jikin yawancin na kirki akwai hoton ɗan gwangwani buɗaɗɗe da lamba, 6M ko 12M, ma'ana wata 6 ko 12 daga ran da aka buɗe. Na koya wa amarya wannan a tsaye, kamar yadda nake koya wa yara agogo.

Rabin rumfar kuwa man canza launin fata ne, wanda mutanen kudu ke kira boju, mu muke cewa bilicin. Ƙawar amarya ta fara lallaɓa ta, wai ko na wata ɗaya ne ta shafa don ta "fito" ranar biki. A nan ne na ɗaure fuska. Abubuwa uku ne galibi ke cikin waɗannan mayuka. Akwai haidrokinon, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin kayan kwalliya tun 2001, shi ne in an daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo a kumatu wanda ba ya fita. Akwai magungunan kortizon masu ƙarfi irin su kulobetasol, waɗanda likita ke rubuta wa mai ciwon fata na 'yan kwanaki, amma mata suke matse su cikin man shafawa shekara da shekaru, fata ta yi laushi kamar takarda, nankarwa ta fito, ƙuraje su feso, rauni ya ƙi warkewa, wata har hawan jini da ciwon sukari. Na uku shi ne makuri, wanda tsofaffi ke kira zaiba, mai lalata ƙoda, yana kuma ratsawa ga ɗan da ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari a 2011 cewa mata 77 cikin 100 a Nijeriya da 59 cikin 100 a Togo suna shafa irin waɗannan mayuka, mu kuwa ga mu a tsakanin ƙasashen biyu, kayansu ne a kasuwarmu. Kodebuwa ta hana su a 2015. Hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta kira abin annoba a 2023, a shekarar ne kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata suka amince a daina yin kowane kayan kwalliya mai zaiba bayan 2025. Amma doka tana ofis, kwalba tana rumfa. Kuma mafi haɗari duka shi ne wanda ba shi da suna, haɗin gida da ake zubawa a robar mayonis, mai rumfar ta ce sirrinta ne.

Amarya baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi na gidanmu. Na ce mata, "Wanda zai aure ki a haka ya gan ki ya kawo goro." Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Kawu." Ko ta yarda ne ko kunya ce, Allah masani, amma dai ba mu saya ba. Muka sayi soso na shafa hoda guda uku, burushi, gazal da jan baki nata na kanta, da reza sabuwa kwali guda.

Shagunan gyaran gashi da kwalliya a Paraku ba su ƙirguwa, kusan kowace kwana da nata, da allo a ƙofa mai hotunan kitso. Uku muka shiga. Ba zan faɗi suna ko unguwa ba, don ba tonon asiri na fito ba.

Na farko shi ne mafi ƙawa, ga madubi bango guda, ga fitilu masu launi, ga kiɗa. Mun tarar ana yi wa wasu 'yan mata huɗu kwalliyar zuwa suna. Ina zaune a benci ina kallo, soso ɗaya ya bi fuska huɗu, ta biyun kuwa tana da ƙuraje masu ruwa a haɓa. Da gazal ya bushe sai mai kwalliyar ta taɓa shi a harshenta ta ci gaba. Gashin ido kuma da gam ɗin da ake manna gashin kai ta liƙa shi, wata yarinya hawaye na zuba ana ce mata ta daure, ado sai da wuya. Garin neman gira ake rasa ido. Na yafuto amarya muka fita.

Na biyu ya fi araha ƙwarai, amma bokiti ɗaya ne na ruwa a ƙofa, a ciki ake wanke kai, a ciki ake ɗauraye mataji, tawul guda biyu kuma sun yi baƙi sun jiƙe. Irin wannan wuri ne yara ke kwaso makero da kwarkwata, na kuwa san su sarai, don a ajina suke ƙarewa. Araha ba ta ado, ba mu ko zauna ba.

Na uku ƙaramin shago ne, mai shi wata dattijuwa Bayaraba da ke jin Hausa, da 'yan koyo biyar masu riga iri ɗaya. A bango ta rataye takardar shaidar ƙwarewar sana'a ta gwamnati, wadda ake kira CQM. Takarda ba ita ce tsafta ba, na sani, ni ma ina da abokan aiki masu takarda da ba su iya koyarwa ba. Abin da ya kama hankalina shi ne wata roba mai murfi a gefe, mataji da almakashi suna jiƙe cikin ruwan jabel, ga tawul a shanye a rana a bayan shago, ga butar ruwa da sabulu inda 'yan koyo ke wanke hannu kafin su taɓa kan kowa. Na tambaye ta minti nawa take barin kaya a ruwan, ta ce goma, bayan an fara wanke su da sabulu, sannan a ɗauraye a shanya, kuma kullum safe ake sabon haɗi. Da za ta gyara wa amarya gira, a gabanmu ta ɓare reza, da ta gama ta jefa ta cikin wata kwalba. Na ce mata mun zo da sosonmu da gazal ɗinmu, ina tsammanin za ta ji haushi, sai ta ce, "Malam, da kowa zai yi haka da na huta."

Maganar reza ba ƙarama ba ce. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 da rai a busasshen jini a jikin ƙarfe, jinin da ido ba ya ko gani, kuma mutum yana iya ɗauke da ita shekaru bai sani ba sai hanta ta lalace. Akwai allurar rigakafinta, ana yi wa jarirai, babba ma yana iya zuwa asibiti a gwada shi a yi masa. Kada maza su ce wannan na mata ne. Masu yankan farce da ke yawo da almakashi suna kaɗa shi a tasha da bakin masallaci, da wanzamai, da yawansu 'yan'uwanmu ne masu jin Hausa. Almakashi ɗaya yana bin mutum talatin a yini, ruwan kumfa kaɗai ake goga masa. Ran da aka ce wata cuta ta bazu ta wannan hanya, ba sunan mutum ɗaya za a kira ba, cewa za a yi Hausawa. Ina ganin sarakunan Zongo da limamai suna da abin faɗa a nan.

Dattijuwar nan ta yi wa amarya gwajin kwalliya kwana uku kafin tafiya, ni kuwa na samu darasi kyauta. Ta sa ta wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, ta shafa mata mai ɗan kaɗan ta bari ya shiga, don lokacin hunturu ne, busasshiyar fata kuwa tana tsattsage hoda kamar ƙasar fadama. Wajen zaɓen launi ba a bayan hannu ta gwada ba, a gefen muƙamuƙi ta ɗiga kala uku, ta jawo amarya bakin ƙofa inda hasken rana yake, ta zaɓi wanda ya ɓace cikin fata. Ta ce kuskuren yawancin yara shi ne su ɗauki wanda ya fi su haske, sai a ga fuska fara wuya baƙi kamar an aro kai. Kaɗan take ɗiba, tana dannawa da soso ba ta gogawa, inda tabo yake ta ƙara, inda babu ta wuce. Gira ta bi yadda Allah Ya tsiro ta, ta cike gurbi da jagira. Gazal a wajen layin gashin ido ta sa, ba a cikin ido ba. Jan baki kuma da tsinke mai tsafta ta ɗebo ta shafa. Da ta gama, 'yar Yayata ce dai a zaune, ba wata baƙuwa ba, sai dai ta ƙara fitowa. Ta gargaɗe ta kada ta kuskura ta kwana da shi komai gajiya. Yaya kuma ta kawo tata damuwar, ta alwala, don akwai hodar da ruwa ba ya ratsa ta, aka shirya a yi kwalliya bayan Azahar a wanke kafin Magariba, La'asar kuwa da alwalarta.

Ƙunshi kuwa na kafe a kan jan lalle na ganye, wanda aka daka aka kwaɓa a gida. Baƙin nan da ke kamawa cikin rabin awa ba lalle ba ne, rinin gashi ne mai sinadarin da ake kira PPD, wanda ba a yi shi don a zauna da shi a fata ba. Ba kowa yake ƙonawa ba, shi ya sa mata ke cewa "ai ni na sha yi". Amma wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan har abada, kuma kumburin yakan fito ne bayan kwana biyu ko fiye, watau daidai ranar ɗaurin aure.

Ranar Alhamis muka kama hanyar Jugu, kimanin kilomita 135 yamma da ɗan arewa. Mota biyu, mata da akwatuna da buhun doya. A Beteru muka haye kogin Weme, ruwa ya ja baya, mata na wanki a kan duwatsu. Ko'ina gonakin kaju da itatuwan kaɗanya, matan Fulani a bakin hanya da cukunsu ja da ake kira wagasi. Ƙurar hunturu ta sa duk wadda ta yi hoda a gida ta isa da hoda biyu.

Jugu ba baƙon gari ba ne gare ni, a makarantar horon malamai ta nan na yi karatu. Amma ga Bahaushe tarihinsa ya fi haka nisa. Tun kafin Faransawa, fataken Kano da Sakkwato masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a nan kafin su nufi Salaga, ayari guda da madugunsa da jagabansa da jakuna ɗaruruwa. Sarki yana zaune a Kilir, baƙi 'yan kasuwa suna Wangara, shi ya sa a tsofaffin labaru ake cewa Zugu Wangara. Yaƙin basasar Salaga na 1892 da zuwan Turawa suka karya wannan hanya, amma jikokin fataken suna nan, wasu sun koma Dandawa sai sunan kaka ya rage. Cikin kayan da jakunan nan ke ɗaukowa akwai turkuɗi da kanwa da jar fata, akwai kuma tozali. Ashe kayan kwalliya sun riga mota zuwa garin nan.

A gidan ango na gamu da wannan tarihi ido da ido. Kakarsa, tsohuwa ce da ta haura tamanin, ta fito da tandun kwalli na fata wanda ta ce na uwarta ne, ta ce ba amaryar da ta taɓa shiga gidan ba ta sa mata da hannunta ba. Tsinke ɗaya ne, ya bi idon amarya, zai bi na ƙawaye, ga kuma wani jariri ɗan wata biyu a bayan uwarsa da aka rangaɗa masa har gira. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, a ba ni izini in yi magana." Ta ce, "Ɗan boko, faɗi."

Na ce mata ba na jayayya da kwalli, uwata ma ta sa mini. Amma dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa, yawancin wanda ke kasuwa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka auna tozalin da ake sa masa sai aka tarar kusan kashi 83 cikin 100 dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki. Dalma kuwa ba ta nuna kanta da wuri, ƙwaƙwalwa take ci a hankali, sai ya shiga lakwal a ce ba ya ganewa, a yi ta dukansa a banza. Na tuna mata da Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Game da tsinke kuma na ce ta tuna afolo, ciwon idon nan da ya fara ɓulla a Gana a 1969, yadda yake gama gida guda cikin mako.

Tsohuwa ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Shekarata tamanin ina sawa, ga ni ina zura zare a allura. Kai da ba ka sawa ga ka da gilashi." Tsakar gida ta ɗauki dariya, ni ma na yi, don ta kama ni. Ban ci nasara a kanta ba, kuma ban so a ce kawun amarya ya zo ya raina kakar ango tun ran farko. Abin da aka daidaita a kai shi ne, ta sa wa amarya da sabon tsinke sau ɗaya don albarka, ƙawaye kowa ta yi da nata. Uwar jaririn kuwa, wadda ta yi lakwal har aji huɗu na sakandare, ta same ni a zaure da dare ta ce in sake faɗa mata sunan abin da Faransanci, za ta tambaya a asibiti ranar awo.

Aka ɗaura aure ranar Asabar da hantsi. Da Magariba na leƙa don yin sallama, na tarar amarya a bayan ɗaki da butar ruwa da sabulun salo tana wanke fuska, tsohuwar tana tsaye a kanta da ɗan kaskon man kaɗe, tana faɗa wai yaran yanzu ba su san abin da ke gyara fata ba. A kan wannan kam ni da ita ba mu da saɓani. Lahadi da asuba na tafi tasha, na zauna jiran mota ta cika, da littattafan yara arba'in da shida a jaka waɗanda ban duba ba tun Laraba.